Lafcadio Hearn (1850–1904): Mai Ido Ɗaya da ya Rubuta Labarin Makahon Mawaƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a arewacin Zamfara, a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ya san cewa gatana, watau tatsuniya a bakin mutanen gabas, ba ta yin armashi sai da dare, kuma wadda ta fi zama a zuciyar yaro ita ce wadda ta hana shi fita tsakar gida shi kaɗai. A cikin labaran Dodo da fatalwa da mayu akwai wasu mutane da ba a cika rasawa ba, su ne makaho da kuturu da gurgu da bebe. Wani lokaci akan kawo su don a yi dariya, wani lokaci don a ji tausayi, wani lokaci kuwa su ne abin tsoron da kansa. Abin da yake da wuyar samu, a adabin Hausa da na sauran al'ummu, shi ne labarin da mai ba da shi ya tsaya daidai inda makahon yake tsaye, ya bar mai sauraro ya ji duniya kamar yadda makahon yake jin ta.

Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani marubuci da ya yi hakan, watau Lafcadio Hearn, wanda aka haifa a ƙasar Girka, ya yi ƙuruciya a ƙasar Ailan, ya koyi aikin jarida a Amurka, ya rasu a Japan. Mai nazarin Hausa na iya tambayar abin da ya haɗa shi da mutumin Ailan. To, alaƙar ta daɗe. Littafin Frank Edgar mai suna Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a birnin Belfast na tsibirin Ailan aka buga shi tsakanin 1911 da 1913, kuma da yawa daga cikin rubuce-rubucen da ke ciki a lardin Sakkwato aka tattara su, lardin da ƙasar Zamfara take ciki a wancan zamani. Hearn kuwa irin aikin Edgar ya yi, na baƙo mai kwasar labaran mutanen da ba nasa ba, sai dai hanyar da ya bi dabam ce, kuma lalurar idonsa tana cikin abin da ya sa ta zama dabam.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 27 ga watan Yuni, 1850, a tsibirin Lefkada, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma daga sunan tsibirin ne aka samo masa sunan Lafcadio. Mahaifinsa, Charles Bush Hearn, likitan soja ne mutumin Ailan, mahaifiyarsa kuwa, Rosa Cassimati, Bagirkiya ce daga tsibirin Kitira. A 1852 aka kawo uwa da ɗa birnin Dabilin wurin dangin miji. Zaman bai yi daɗi ba. Rosa ba ta jin Turanci sosai, addininta dabam da nasu, mijin kuma kullum yana wurin aiki a wata ƙasa. A 1854 ta koma ƙasarsu ta bar yaron, bai sake ganinta ba har abada. Daga baya ta rasu a asibitin masu taɓin hankali na tsibirin Korfu a 1882. Uban ya sa aka warware auren, ya auri wata a 1857, ya tafi Indiya. Watau kafin yaron ya cika shekara takwas ya zama maraya alhali iyayensa duka biyu suna da rai.

Wadda ta riƙe shi ita ce Sarah Brenane, 'yar'uwar kakarsa ta wajen uba, gwauruwa mai dukiya, mai tsananin riƙo da ɗariƙar Katolika. Ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, amma tarbiyyarta mai tsauri ce. Da ta ga yana tsoron duhu, sai ta ga maganin abin shi ne a riƙa kulle shi a ɗaki shi kaɗai da dare, a ɗauke fitila. Yana da kimanin shekara biyar a lokacin. Shi da kansa ya ba da labarin waɗannan darare a cikin littafinsa Shadowings na 1900, ya bayyana yadda yakan ga siffofi suna matsowa kansa, ya kasa motsi, ya kasa ihu, irin abin da Bahaushe yake kira dannau. Tsoron bai warke ba, sai ma ya zame masa jari.

A gidan kuma akwai wata mai reno 'yar lardin Konat, a yammacin Ailan, inda harshen mutanen ƙasar na asali da al'adunsu suka fi ƙarfi. A wata wasiƙa da ya aika wa mawaƙin nan W. B. Yeats a 1901, Hearn ya ambaci wannan mata, ya ce ita ce ta riƙa ba shi tatsuniyoyin aljanu da labaran fatalwa, kuma saboda haka ba zai iya ƙin abin da ya shafi Ailan ba. Ya kamata a tuna cewa ƙasar ba ta daɗe da fita daga babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ba, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Masu aikatau da suka cika gidajen Dabilin daga ƙauyukan da yunwa ta share suka fito, labaransu kuma cike suke da matattu masu dawowa.

Yana da kyau a ɗan tsaya a kan waɗannan labarai, domin naƙasa tana da babban gurbi a cikinsu, ta fuska biyu masu karo da juna. Ta fuska ɗaya, mutanen Ailan suna girmama makahon mawaƙi. Turlough O'Carolan (1670–1738), wanda ya fi kowa suna a kiɗan tsirkiya na ƙasar, agana ce ta makantar da shi yana saurayi, ya yi ta yawo gidajen manya ana karɓarsa da daraja. Haka kuma Raftery (1779–1835), mawaƙin lardin Konat, shi ma agana ce ta ɗauke masa gani tun yana yaro. Wanda ya san matsayin Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, ba zai yi mamakin wannan ba. Ta ɗaya fuskar kuwa akwai camfin musaya. Sun yi imani cewa aljanu sukan sace jariri lafiyayye su ajiye nasu a madadinsa, saboda haka yaron da ya ƙi girma, ko ya kasa tafiya, ko ya kasa magana, akan ce ba ɗan gidan ba ne. Maganin da camfin ya tanada shi ne a tsorata baƙon da wuta ko da ruwa har ya gudu a dawo da na ainihi. A 1826, a gundumar Kerry, wata tsohuwa mai suna Ann Roche ta riƙa tsoma wani yaro ɗan shekara huɗu, Michael Leahy, wanda ba ya tsayuwa kuma ba ya magana, a cikin kogin Flesk don ta fitar masa da aljani, har ya mutu, kotu kuma ta sallame ta. A watan Maris na 1895, lokacin Hearn ya riga ya zama marubuci, wani mutum a gundumar Tipperary ya ƙone matarsa, Bridget Cleary, mai shekara 26, bayan ta yi 'yan kwanaki tana jinya, yana cewa matarsa ta ainihi aljanu sun tafi da ita.

Mai karatu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. A ƙauyukan bakin gulbin Gagare da na Bunsuru, kamar sauran ƙasar Hausa, an san maganar ɗan ruwa, watau yaron da wuyansa bai tsaya ba, ya wuce lokacin zama bai zauna ba, a ce ba mutum ba ne, 'yan ruwa ne suka yi musaya. Likitoci a yau suna danganta yawancin irin wannan lalura da raunin da ƙwaƙwalwa takan samu wajen doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau. Labarin da ake bayarwa don nishaɗi da dare shi ne kuma wanda uwa take ji a bakin maƙwabta da rana game da ɗanta.

Rasa Ido

A 1863 aka kai shi makarantar kwana ta Katolika da ke Ushaw, kusa da Durham a arewacin Ingila. Yaro ne mai ƙiriniya da son karatu, ya fi kowa iya rubutun Turanci a ajinsu. Yana da shekara 16 aka buge shi a idon hagu a filin wasa. Idon ya kumbura, ya yi ruwa, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu abin ya faskara. Idon ya mutu, ya yi fari fat. Na daman kuwa tun asali ba ya hangen nesa, da nauyin aiki ya koma kansa shi kaɗai sai ya ƙara fitowa waje, har ya zama ba ya iya karatu sai ya kawo takarda dab da hancinsa.

Wannan hatsari ya sauya halinsa baki ɗaya. Yaron da ake jin muryarsa ko'ina ya koma mai gudun mutane, mai saurin zargi, ya ɗauka cewa duk wanda ya dube shi muninsa yake kallo, musamman mata. Ga shi gajere. Wanda ya duba hotunansa zai ga kusan dukkansu ta gefen dama aka ɗauke su, ko kuma ya sunkuyar da kai, har a hotunan da ya ɗauka da iyalinsa. Hausawa na cewa mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ga Hearn abin ya sha bamban, domin idan ya ga makaho gobensa yake gani. Tsoron kada ɗayan idon ya tafi bai rabu da shi ba har ya mutu, ga shi kuwa da ido yake cin abinci.

Masifa ba ta zo ita kaɗai ba. A shekarar da ya rasa idon, 1866, mahaifinsa ya rasu a kan hanyar dawowa daga Indiya. A shekara mai bi mata dukiyar tsohuwa Brenane ta salwanta a hannun wani danginta, Henry Molyneux, wanda ta amince wa. Aka cire Hearn daga makaranta, ya yi zaman wahala a unguwannin matalauta na Landan, sa'an nan a 1869 aka saya masa tikitin jirgin ruwa na tafiya ba dawowa zuwa Amurka. Bai sake taka ƙasar Ailan ba.

Zamansa a Amurka

Ya sauka birnin Sinsinati na jihar Ohayo ba shi da kowa. Ya kwana a barga da kan titi, har wani mai maɗaba'a, Henry Watkin, ya tausaya masa ya ba shi wurin kwana da ɗan aiki. A 1872 ya fara rubutu a jaridar Cincinnati Enquirer, kuma a watan Nuwamba na 1874 sunansa ya fito, sa'ad da aka kashe wani ma'aikacin majema aka cusa gawarsa a tanderu. Hearn ya je ya duba abin da ya rage na gawar, ya bayyana shi dalla-dalla ta yadda masu karatu suka yi ta ƙyama suna kuma ƙara sayen jarida. Rubutu ne na neman kasuwa, babu ladabi ga mamaci a cikinsa, amma a nan aka fara ganin salonsa. Tun da ba ya ganin abu daga nesa, sai ya matsa ya taɓa, ya sansana, ya saurara, saboda haka bayaninsa na abin da ke kusa ne ƙwarai, irin wanda mai lafiyar ido yakan tsallake.

A 1874 ɗin ya auri Alethea Foley, wadda ake kira Mattie, mai dafa abinci a gidan da yake haya, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Kentaki. Dokar Ohayo ta lokacin ta haramta aure tsakanin Bature da baƙar fata, da maganar ta fito sai jaridar ta kore shi a 1875, ya koma Cincinnati Commercial. Auren bai daɗe ba. Amma Mattie gwanar labarin fatalwa ce, ya zauna ya saurare ta, ya rubuta abin da ta faɗa ya buga. Haka kuma ya riƙa zuwa bakin kogi wurin baƙaƙen 'yan dako yana rubuta waƙoƙinsu na aiki, a zamanin da masu ilmi ba su ɗauki wannan a bakin komai ba.

Daga 1877 ya yi shekara goma a Niyu Oliyans, inda a 1885 ya fitar da tarin karin magana fiye da 300 na harshen Kiriyol, watau gaurayen Faransanci da bayi 'yan Afirka da jikokinsu suka ƙirƙiro. Daga 1887 zuwa 1889 ya zauna a tsibirin Matinik, ya ci gaba da kwasar tatsuniyoyi a bakin mata masu wanki da masu talla. A ko'ina ya je, mace ce mai aikin hannu take ba shi labari, kamar dai yadda aka fara a Dabilin.

Japan da Koizumi Setsu

Ya isa Yokohama a watan Afrilu na 1890 da niyyar rubuta wa wata mujallar Amurka labarin tafiya, ya ɓata da masu mujallar, ya nemi aikin koyar da Turanci. Aka tura shi Matsue, wani tsohon gari a gaɓar yammacin ƙasar wanda zamani bai riga ya canja ba. A nan ya haɗu da Koizumi Setsu, 'yar gidan barade da suka talauce bayan an rushe tsarin sarauta na dā. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya. Ya koyar a Kumamoto daga 1891, ya yi aikin jarida a Kobe daga 1894, inda ciwon ido ya tsananta masa har ya ajiye aikin. A 1896 ya zama ɗan ƙasa, ya ɗauki sunan Koizumi Yakumo, domin kada matarsa da 'ya'yansa su rasa haƙƙinsu na gado, kuma a shekarar aka ba shi kujerar koyar da adabin Turanci a Jami'ar Tokiyo.

Abin da ya fi dacewa mai nazarin adabin baka ya lura da shi shi ne yadda littattafansa na fatalwa suka samu. Hearn bai taɓa ƙwarewa a karatun rubutun Japan ba, ko maganar ma da wani sauƙaƙƙen harshe suke yi shi da matarsa, wanda su biyu suka fi kowa gane shi. Setsu ce take yawo shagunan tsofaffin littattafai tana nemo labarai. A cikin abin da ta rubuta game da shi bayan rasuwarsa, ta bayyana cewa ba ya yarda ta karanta masa daga littafi. Sai ta karanta ita kaɗai, labarin ya zauna mata, sa'an nan da dare a rage hasken fitila ta ba shi da bakinta da kalmominta, kamar abin a gabanta ya faru. Yakan tsayar da ita ya tambayi yadda muryar wane ta kasance, ko wane irin ƙara takalmin ya yi, ko ana ruwa a daren. Watau labarin da ya riga ya shiga takarda sai ya mai da shi baki tukuna, kafin ya sake mai da shi takarda.

Wannan ya bambanta da yadda aka tattara yawancin tatsuniyoyin Hausa na farko, inda malamai maza suka rubuta su da ajami bisa umarnin jami'an mulki, aka rasa muryar tsohuwa da waƙar da ke tsakiyar labari da amshin yara. Sai a ayyuka irin na Ibrahim Yaro Yahaya, mai Tatsuniyoyi da Wasanni, aka dawo da wani abu na wannan murya. Duk da haka ba za a wanke Hearn sarai ba. Sunansa kaɗai ne a bangon littattafan, na Setsu bai fito ba, kuma ya so tsohuwar Japan har ya riƙa jin haushin sabuwar, kamar yadda baƙo yakan so mutane su zauna yadda ya same su don su yi masa kyaun kallo.

Yana rubutu ne a kan wani tebur da aka yi masa mai tsawo fiye da kima, domin takarda ta zo daidai idonsa. Teburin yana nan a gidan tarihinsa da ke Matsue.

Labarin Hoichi

A 1904 ya fitar da Kwaidan, tarin labarai 17 na ban tsoro da 'yan maƙalu uku a kan ƙwari. Na farkonsu, wanda kuma ya fi suna, shi ne labarin Hoichi marar kunne. Tushensa wani gajeren labari ne a wani littafin Japan na ƙarni na 18, Hearn ya faɗaɗa shi.

Ga yadda yake a taƙaice. A 1185 aka yi yaƙin ruwa a Dan-no-ura, inda gidan Heike suka hallaka gaba ɗaya, har da yaron sarki Antoku wanda ya nutse a teku. Bayan ɗaruruwan shekaru, a wani ɗakin ibada na mabiya Buda da aka gina kusa da wurin don kwantar da kurwar matattun, akwai wani makaho, Hoichi, gwanin kiɗa wani irin molo da ake kira biwa, wanda ya fi kowa iya waƙar wannan yaƙi. Wata rana da dare, babban malamin wurin ba ya nan, sai wani barde ya kira sunansa, ya ce ubangidansa yana son jin waƙar. Ya kama hannunsa ya ja shi. Aka buɗe wata babbar ƙofa, aka shigar da shi fada cike da manyan mutane, ya yi waƙa har kowa ya fashe da kuka. Aka ce ya riƙa zuwa kowane dare, kada ya gaya wa kowa. Da malamin ya lura da fitarsa sai ya sa barori su bi shi, suka same shi zaune cikin ruwan sama a maƙabarta, gaban kabarin Antoku, yana kiɗa shi kaɗai, wutar fatalwa ta kewaye shi. Malamin ya gane cewa matattun za su yayyaga shi in an ƙyale. Sai shi da almajirinsa suka rubuce jikinsa duka da nassin littafinsu mai tsarki don ya ɓace wa fatalwa, abin da zai tuna wa Bahaushe da layar zana ko baduhu, aka ce ya zauna shiru kome ya faru. Barden ya zo, ya yi kira, bai ga kowa ba sai kunnuwa biyu suna reto a iska, domin an manta ba a yi rubutu a kansu ba. Ya fizge su ya tafi da su don ya nuna wa ubangidansa ya cika aike. Hoichi bai yi ko tari ba. Ya warke, labarinsa ya bazu, manya suka riƙa zuwa jin waƙarsa, ya yi arziki.

Gwanintar labarin tana cikin daren farko. Daga lokacin da barden ya yi kira har Hoichi ya dawo, Hearn bai ba mai karatu ko abu ɗaya na gani ba. Ƙarar sulke ce ta nuna cewa mai kiran mayaƙi ne, taurin hannunsa ya nuna ƙarfinsa, ƙarar sakata ta nuna girman ƙofa, yawan matakai da tsawon tafiya a kan daɓe suka nuna girman gidan, motsin tufafin alharini da irin kalmomin da ake furtawa suka nuna darajar mutanen. Hoichi yana auna kowane ɗaya da hankali, kuma duk abin da ya yanke daidai ne bisa abin da kunnensa ya kawo masa. Ba wauta ce ta kai shi maƙabarta ba. Mai karatu ma, mai ido biyu, tare da shi aka yaudare shi, bai farga ba sai da barori suka zo da fitila. Setsu ta ba da labarin cewa lokacin da yake wannan aiki ta taɓa samunsa zaune cikin duhu bai kunna fitila ba, ta kira shi da sunan Hoichi don wasa, ya amsa mata a matsayin makahon, ya ci gaba da zamansa.

Sai kuma maganar kunnuwa. Kuskuren da ya jawo wa Hoichi rauni kuskuren gani ne, kuma masu ido ne suka yi shi. Almajiri ya tsallake wurin, malamin bai duba ba, daga baya ya amsa laifinsa. Makahon kuwa ya cika nasa ɓangaren sarai, ya daure wa azabar da ba kowane barde zai daure mata ba. Idan aka gwada wannan da abin da aka saba gani a adabin Turai na lokacin, bambancin a fili yake. A littafin Treasure Island na 1883, makaho Pew mugu ne wanda ƙarar sandarsa kaɗai take firgita yaro. A labarin H. G. Wells na ƙasar makafi, wanda ya fito a shekara ɗaya da Kwaidan, makafi ne suke shirin ƙwaƙule wa mai gani idanu. A can makanta ita ce abin tsoro. A wurin Hearn kuwa makaho shi ne mutumin da ake jin tsoro tare da shi.

Akwai dalilin tarihi da ya taimaka masa. A Japan ta dā makafi suna da ƙungiyarsu mai muƙamai da shugabanni, wadda ta riƙe sana'ar kiɗa da tausa har aka rushe ta a 1871, kusan yadda garuruwan Hausa suke da Sarkin Makafi da unguwarsu. Waƙar yaƙin Heike kuwa makafin mawaƙa ne suka riƙe ta a ka ɗaruruwan shekaru. Saboda haka Hoichi mai sana'a ne, fatalwa ma don gwanintarsa suka neme shi. A littafin Kokoro na 1896 ma Hearn ya kawo labarin wata makauniya mai waƙa a titi, wadda agana ta ɓata wa fuska, ta zo ƙofar gidansa, muryarta ta girgiza shi ko da yake bai fahimci kalmomin ba.

Inda za a iya kama shi shi ne ƙarshen labarin. Hoichi ya yi suna ne bayan an cire masa kunnuwa, har raunin ya zama laƙabinsa, watau mutane sun zo kallon tabo kafin su zo jin waƙa. Hearn ya kawo wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe, bai tsaya ya tuhume shi ba, alhali shi kansa ya yi shekara kusan arba'in yana ɓoye gefen fuskarsa ga mai ɗaukar hoto.

Rasuwarsa

A 1903 Jami'ar Tokiyo ta ƙi sabunta masa kwangila bisa sharuɗɗan da yake kai, ɗalibai suka yi ƙorafi amma bai koma ba. Wanda ya gaje shi shi ne Natsume Soseki, wanda daga baya ya zama babban marubucin ƙagaggun labarai na ƙasar. Hearn ya koma Jami'ar Waseda a 1904, bai cika shekara a can ba. Ciwon zuciya ya kama shi a watan Satumba, ya lafa, bayan mako guda ya dawo, ya rasu ran 26 ga watan a gidansa da ke Tokiyo yana da shekara 54. Idon daman da ya yi ta fargaba a kansa bai mutu ba, da shi ya gama gyaran littafinsa na ƙarshe. Aka yi masa jana'iza irin ta mabiya Buda, aka binne shi a maƙabartar Zoshigaya.

A Japan labaransa sun koma harshen da aka ɗauko su, har yara da yawa suka san Hoichi ta hanyarsa ba tare da sun san cewa da Turanci aka fara rubuta wannan siga ba. A 1964 Masaki Kobayashi ya yi fim mai suna Kwaidan daga labaransa huɗu, wanda ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Kan a Faransa a 1965. Ailan ta daɗe ba ta kula da shi ba, ana lissafa Sheridan Le Fanu da Bram Stoker mai Dracula a matsayin gwanayen labarin tsoro na Dabilin ana tsallake shi, sai a 2015 aka buɗe wani lambu da sunansa a Tramore, garin bakin teku inda tsohuwa Brenane take kai shi hutu yana yaro. Setsu ta rayu shekara 28 bayansa, ta rasu a 1932, kabarinta yana kusa da nasa.